Daga Lifidi Zuwa Keken Ɗinki: Tarihin Sana'ar Allura da Ƙyalle a Babbar Kasuwar Yamai

Ɗinkin ƙyalle a kan ƙyalle tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta na Zabarma da Barno. Aikin ya kasu gida uku. Na farko shi ne a shimfiɗa ƙyalle biyu, a cusa auduga a tsakaninsu, a bi da allura layi bayan layi har audugar ta zauna daram; da wannan dabara ake yin lifidi da wasu kayan sirdi. Na biyu shi ne a yanyanka ƙyallaye masu launi dabam-dabam a harhaɗa su su zama shimfiɗa guda, ko a ɗora wani bisa wani don a fitar da zane. Na uku shi ne surfani, wato ƙawata tufa da zare a wuya da ƙirji da aljihu. A Jamhuriyar Nijar babu inda kayan waɗannan ayyuka da masu yin su suke haɗuwa kamar Babbar Kasuwar Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene. Kasuwar ba ta cika shekara ɗari ba, amma sana'ar da take ɗauke da ita ta girme ta da ƙarnoni masu yawa.

Auduga, zare da sawaye

Tushen sana'ar duka auduga ce. A da, bayan an tsince ta a gona, mata ne ke gurje ta su fitar da gurya, su shiɓe ta, sannan su kaɗa ta da mazari suna taɓa alli a yatsa. Zare siriri mai ƙarfi shi ake ja a tsaye a masaƙa, abawa kuma mai kauri da laushi ita ƙoshiya ke ratsawa da ita. Masaƙar maza ba ta fitar da ƙyalle mai faɗi. Abin da take fitarwa sawaye ne dogaye, faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, na turkuɗi ma bai kai haka ba. Saboda haka duk zane ko riga ko bargo da aka gani a ƙasar nan kafin zuwan yadin kanti, sai da maɗinki ya jera sawaye gefe da gefe ya ɗinke su. Babbar riga ɗaya takan ci sawaye masu ɗimbin yawa, kuma gwanintar maɗinki ita ce ya haɗa su ratsi ya dace da ratsi, ɗinkin ya kwanta ba tudu. Harhaɗa ƙyalle ke nan tun daga masaƙa yake farawa.

Daga maɗinka tufa kan wuce karofi wajen marina, a tsoma ta a baba, sannan mabuga su buge ta da shuni har ta yi ƙyalli. Kano da garuruwan kewayenta, musamman Kura, su ne cibiyar wannan aiki, kuma marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan tana aiki. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu, ya kuma ƙiyasta cewa abin da ake kai wa Tambutu kaɗai a shekara ya kai kayan raƙumi 300. A 1853 ya ƙetare kogin Kwara a garin Say, kudu da inda Yamai take a yau. Say a lokacin mashiga ce ta fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro, kuma a cikin kayan da jakunansu ke ɗauke da su akwai riguna da turkuɗi da zannuwa. Ta irin waɗannan hanyoyi tufafin Hausa da maɗinkan Hausa suka saba da bakin kogi tun Yamai tana ƙauye.

Lifidi

Mafi girman aikin cusa auduga da ƙasar Hausa ta sani shi ne lifidi, rigar kariya ta doki da mahayinsa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Ke nan aikin ya haura shekara 600 a hannun maɗinkan Hausa.

Yadda ake yin sa ba shi da wuyar bayani, wuyar tana wajen aikatawa. Ana yanka ƙyalle mai ƙarfi gwargwadon jikin doki, kashi-kashi: na wuya, na ƙirji, na haƙarƙari da na gindi. Kowane kashi ninki biyu ne, tsakaninsa a cusa audugar rimi ko ta gona. Audugar rimi ta fi sauƙin nauyi, ba ta kuma saurin shan ruwa, shi ya sa aka fi son ta. Sai maɗinki ya bi da babbar allura da zare mai kauri yana ɗinkewa, layi kusa da layi, don kada audugar ta gangara ta taru wuri guda ta bar wani wuri fayau. Idan layukan suka yi nisa da juna kibiya za ta sami hanya; idan suka matsu ainun lifidin zai sandare ya hana doki tafiya. Sanin wannan tsakaitawa shi ne sirrin sana'ar. A bayan ninkin sama ake yin ado: a yanka ja da fari da baƙi da rawaya da shuɗi, masu kusurwa uku ko huɗu, a jera su. Adon yana da amfani a fagen fama, domin da launi ake gane mutanen wane ne.

Mahayi ma yana da nasa. Akwai bantan lifidi mai kare ƙugu da cinyoyi, da safa da kumakumi masu kare gangar jiki, da kwalkwali wanda ake cusa wa tsumma a ciki, a yi masa ado da ƙarfe da gashin jimina a waje. Wanda ya samu hali yakan sa sulke a ƙarƙashi. Duk wannan kaya yana da tsada, yana kuma bukatar ƙaƙƙarfan doki, don haka sarki da manyan hakimai ne ke mallakarsa su raba wa barorinsu. 'Yan lifidi sukan tsaya kewaye da sarki, ko a tura su gaba su fasa sahun abokan gaba, kuma a fadoji da dama akwai sarautar shugabansu.

Lifidi yana tare kibiya da sāran takobi, amma yana da rauni biyu da kowane mayaƙi ya sani. Na farko nauyi: doki ba ya dogon gudu da shi, mahayin da ya faɗi kuma da ƙyar yake tashi sai an taimake shi. Na biyu wuta: auduga ce, kibiya mai wuta tana iya cinna masa. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da dawakinta da 'yan lifidinta, amma maharban jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka rinjaye ta. Duk da haka daular Sakkwato da ta biyo baya ba ta yar da lifidi ba, ta mai da shi ƙashin bayan rundunoninta. Haka Katsinawan da suka kafa Maraɗi, da Gobirawan Tsibiri, da Damagaram, duk sun riƙe shi a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Can gabas ma haka: Baturen Ingila Dixon Denham, da ya ziyarci Barno a shekarun 1820, ya zana hoton mahayin Bagarmi shi da dokinsa cikin lifidi, kuma akwai lifidin dawakin Sudan na zamanin Mahadi ajiye a gidajen tarihi na Ingila.

Bindiga ce ta kashe amfanin lifidi a yaƙi. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, daga nan auduga ba ta ƙara tare wa kowa harsashi ba. Sai lifidi ya koma kayan hawa. A hawan salla na Kano da Katsina da Zariya da Damagaram har gobe 'yan lifidi suna fitowa, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. A yammacin Nijar, dawakin Zarmakwai, sarkin Doso, su suka fi shahara da shi. Mahayansu, cikin lifidi mai launi iri-iri da kwalkwali mai gashin jimina, sun daɗe suna fitowa tarbar manyan baƙi da bukukuwan ƙasa, irin bikin 18 ga Disamba na tunawa da kafa Jamhuriya a 1958, wanda Doso ta karɓi baƙuncinsa a 2014. Tun da lifidi ya bar fagen fama, ado ya rinjayi kariya: audugar ta ragu, launi ya ƙaru, yadin kanti mai sheƙi ya maye gurbin saƙi. Dabarar ɗinkin dai ita ce ta da, kuma ana ganin ta a ƙananan kayan doki irin jalala da ɗauki-saƙa.

Surfani da babbar riga

Idan lifidi aikin ƙarfi ne, surfani aikin ido ne da haƙuri. A al'ada maza ne ke yin sa, kuma yana da dangantaka ta kusa da makarantar allo. Malami mai kyan hannu shi ke zana fasalin aikin a kan riga da alƙalami da tawada, almajirai da gardawa su cike da allura, su sami abin biyan bukata. Zanen yana da sunaye da kowa ya sani a kasuwa: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi. Askakin su ne dogayen tsinin da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu, tambari kuma da'irar da ke zama a dama da baya. Malum-malum ita ce rigar da aiki ya mamaye ta gaba da baya. Irin wannan riga takan ɗauki watanni a hannun mutum fiye da ɗaya.

Zaren ma yana da daraja hawa-hawa. Akwai tsamiya, silikin gida da ake samu daga saƙar wata tsutsa mai zama a bishiyar tsamiya, a dafa shi da toka a kaɗa. Akwai alharini, jan siliki da ayarin raƙuma ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. A zamanin daular Sakkwato riga ta zama kyautar sarauta da alamar muƙami, har yau kuma naɗi ba ya cika sai da riga da alkyabba da rawani. Wannan ya sa sana'ar ta bunƙasa a Kano da Zariya da Bida da Ilori, rigunan kuma suka bazu har ƙasashen Azbin da Zabarma. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi dogon bincike a kan surfanin Hausa a shekarun 1970. A daidai wannan lokaci ne matan birnin Zariya suka fara shiga aikin babbar riga daga cikin gidajensu, abin da a da maza kaɗai ke yi. Hula ma ta bi sahu: kube da zanna bukar da damanga duk aikin allura ne, kuma dubban mata da samari na ci daga gare su.

A Nijar akwai wani reshen surfani da ba na birni ba. Matan Fulani Wodaɓe suna yi wa baƙin ƙyalle ɗinkin sarƙa da zare ja da rawaya da kore da fari, a rigunan samari na rawar gerewol da zannuwansu na kansu. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, da dabbobi suka hallaka, makiyaya da yawa suka gangaro birane, wannan aiki ya shigo Yamai ya zama abin sayarwa.

Bargunan aure

Abin da Zabarmawa da Sanwai suka kawo wa wannan gado shi ne bargon saƙa. Mafi shahara shi ne tera-tera, mai ɗauke da sunan garin Tera na yammacin kogi, sai kuma kunta. Su ma sawaye ne ake saƙawa ɗaya bayan ɗaya, amma masaƙi yana saka zane a cikin kowane sawu yana lissafi a ka, yadda idan aka jera su aka ɗinke, zanen wannan sawu zai haɗu da na maƙwabcinsa ya ba da fasali guda a faɗin bargon. Kuskuren ɗan yatsa biyu a sawu ɗaya yana ɓata bargo duka. Hausawa kuma suna da nasu: gwado da luru da sakala.

Waɗannan barguna kayan ɗakin amarya ne. A Yamai ta da, uwa takan sayi zare ta ɗauko masaƙi ya kafa masaƙarsa a ƙofar gida ko a tsakar gida, tana ciyar da shi tana biyansa, har ya gama abin da za a kai ɗakin 'yarta. A rataya wasu a bango, a shimfiɗa wasu a gado, yawansu da kyansu su ke nuna ƙoƙarin uwa. Da zaren masana'anta mai launi ya samu, sai bargunan suka ƙara haske, masaƙa suka riƙa saka hoton tuta da mota da jirgi a cikinsu.

Yamai da kasuwarta

Yamai ƙauyukan bakin kogi ce lokacin da Faransawa suka kafa sansani a wurin a farkon ƙarni na 20. Sun mai da hedikwatarsu daga Yamai zuwa Damagaram a 1911, suka dawo da ita Yamai a 1926. Daga nan gari ya fara cika. Fatake da masu sana'a Hausawa suka sauka a unguwar Zango da kewayenta, cikinsu har da maɗinka da dillalan riguna da dukawa. Lokacin samun 'yanci a 1960 mutanen garin ba su wuce dubu talatin da wani abu ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya.

Da Ƙaramar Kasuwa, wato Habu Ganda, ta kasa ɗaukar jama'a, sai aka buɗe Babbar Kasuwa a shekarun 1950. Ƙaramar ta fi karkata ga kayan miya da na marmari, Babbar ta zama gidan yadi da tufafi da barguna da kayan aure. A ƙarshen Maris na 1982, zamanin mulkin Seyni Kountché, gobara ta cinye ta. Aka kwashe 'yan kasuwa zuwa wasu wurare, musamman Wadata, aka gina sabuwa mai katanga da manyan ƙofofi, aka buɗe ta a 1987 ƙarƙashin kulawar kamfanin SOCOGEM. Wata gobarar ta sake cin wani ɓangarenta a 2009, Ƙaramar Kasuwa kuma ta ƙone a 2012. Ga mai sayar da yadi gobara ba ƙaramar musiba ba ce, domin jarinsa duka abin da wuta ke so ne, kuma tsofaffin riguna da barguna da suka ƙone a rumfunan dillalai ba su da madadi.

A cikin Babbar Kasuwa da titunan da ke kewaye da ita, sana'ar tana tafiya kamar sarƙa. Mai yadi yana sayar da shadda da atamfa da leshi. Kusa da shi mai kayan ɗinki yana da zare da allura da maɓalli da zif. Tela yana yanka yana haɗawa. Mai surfani yana karɓar wuyan riga ya cike. Mai guga ko mabugi ya gama. Hula da rigunan hannu da yawa daga Kano da Zariya da Maiduguri suke zuwa ta Maraɗi da Birnin Ƙonni, barguna kuma daga yankin Tilaberi da Doso. Hausa da Zabarmanci su ne harsunan ciniki. Gabanin ƙaramar salla da babba, da lokacin bukukuwan aure, kekuna ba sa tsayawa har tsakar dare.

Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama a yau, ya taka rawa ta dabam. Tun farkonsa, a ƙarƙashin shugabansa na fari Pablo Toucet, an ware wuri inda masaƙa da dukawa da maƙera ke aiki a gaban masu ziyara suna sayar da abin da suka yi. A ɗakunan nuninsa akwai tufafin kabilun Nijar. Wannan ya ba aikin hannu wata daraja a idon 'yan boko da baƙi a lokacin da yadin kanti ke neman shafe shi.

Keke, yadin kanti da ragowar ƙyalle

Abu uku suka sauya sana'ar a ƙarni na 20. Na farko keken ɗinki. Kamfanin Singer na Amurka ya fara ƙera nasa a 1851, keken ya iso garuruwan nan a zamanin mulkin mallaka, daga baya kekunan Sin irin Butterfly suka sa ya zo hannun talaka. Sai injin surfani ya biyo baya, sannan na kwamfuta, wanda ke gama wuyan riga cikin sa'o'i kaɗan. Na biyu yadin masana'anta: atamfar Vlisco ta Holan, kamfanin da aka kafa a 1846, da shaddar Getzner ta Ostiriya, da yadin masaƙun Kaduna da Kano. Nijar ma ta kafa masaƙarta a Yamai a ƙarshen shekarun 1960, wadda aka sani da SONITEXTIL, daga baya ENITEX. Na uku gwanjo da yadin Sin mai araha, waɗanda suka riƙa shigowa ta tashoshin Kwatano da Lome. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta tsauwala kuɗin yadin Turai, ta tura masu saye wajen mai araha. Masaƙun Kaduna sun durƙushe a farkon ƙarni na 21, ta Yamai ma ta sha fama, bargon Sin mai laushi kuma ya kori tera-tera daga ɗakunan amare da yawa. Rufe iyakar Nijeriya a 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun nuna yadda cinikin yadi a Babbar Kasuwa ya dogara da hanyoyin waje.

Amma yawan teloli ya haifar da wani abu: tulin ragowar ƙyalle. A ƙasan kowane tebur na yanka akwai guntayen atamfa da shadda. A da talaka ya san maho da banki, yana toshe ɓular riga da abin da ya samu, ba don ado ba. Yanzu yaran shago suna koyon taka keke a kan guntaye, suna harhaɗa su su fitar da rigar yara ko zanen gado. Masu katifa da matashi suna saye su cusa. Ƙungiyoyin mata da masu sayar wa baƙi suna yin jakunkuna da shimfiɗun tebur da mayafin gado da su. Wanda ya dubi irin wannan zanen gado mai kusurwoyi ja da shuɗi da rawaya, ya dubi lifidin dawakin Doso, zai ga jeri iri ɗaya ne.

Sana'ar a sauran duniya

Wannan aiki ba na ƙasa ɗaya ba ne. Mayaƙan Turai na tsakiyar zamani sun sa rigar cusa a ƙarƙashin sulke. Matan Bangal suna ninka tsofaffin zannuwa su ɗinke su zama kanta, na Sindi a Fakistan suna yin ralli, a Alƙahira kuma akwai titin masu ɗinkin rumfuna da ke ɗora ƙyalle bisa ƙyalle. A tarihin Musulunci tufa mai maho alamar gudun duniya ce: an san Halifa Umar ɗan Haɗɗabi da ita, sufaye suka riƙe ta, mabiya Mahadi a Sudan suka mai da ita rigar yaƙi a shekarun 1880, 'yan Bay Fal na Senegal, mabiya Shaihu Ibra Fal, suna sa ta har yau. Sarakunan Abome a Dahomai suna da tutoci na ƙyalle ɗore masu ba da labarin mulkinsu.

A Amurka ne aikin ya zama abin sha'awa na lokacin hutu, sannan ya shiga sahun zane-zanen fasaha. Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya, ta ɗinka mayafi mai ba da labarai da hotunan ƙyalle a shekarun 1880, yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Martha Ricks, wadda ta koma Laberiya daga Amurka, ta kai wa Sarauniya Biktoriya kyautar mayafin da ta ɗinka a 1892. A 1971 gidan nuni na Whitney a birnin New York ya rataya tsofaffin mayafan gado a bango kamar zanen fenti, daga nan kallon da ake yi musu ya sauya. A 1979 aka fara gasar Quilt National a jihar Ohayo, a 2002 kuma aka baje aikin matan ƙauyen Gee's Bend na Alabama, jikokin bayi, waɗanda suka yi mayafansu da tsofaffin kayan aikin gona. A yau miliyoyin mutane a Amurka da Turai da Japan suna wannan ɗinki don nishaɗi, da ƙungiyoyinsu da mujallunsu. A Afirka ta Yamma, Abdoulaye Konaté na Mali ya yi suna a duniya da manyan ayyukan bango da yake yi da yankakkiyar shadda.

Bambancin shi ne a can an rubuta tarihin aikin, an adana sunayen masu yin sa, an sa masa farashi. A nan kuwa yawancin gwanayen lifidi da surfani da tera-tera sun shuɗe ba a san sunansu ba, aikinsu yana gidajen tarihin Turai da lakabin kabila ko gari kawai.

Halin da ake ciki

Akwai ƙoƙarin da ake yi. An gina ƙauyen masu sana'ar hannu a Wadata. Alphadi, mai tsara tufafi ɗan Nijar, ya fara bikin nuna tufafi na FIMA a 1998 a Tigidit kusa da Agadas, ya kuma yi amfani da saƙa da surfanin gida a aikinsa. Tun shekarar 2000 ake gudanar da baje kolin SAFEM na sana'o'in mata a Yamai. Tera-tera ta samu sabuwar kasuwa a wajen masu yin jakunkuna da riguna na zamani. Sai dai matsalar tsaro ta rage baƙi masu saye, masu ɗinkin lifidi sun zama 'yan ƙalilan da ke jiran odar fada, samari kuma sun fi son injin da ke biya yau a kan allurar da ke biya bayan wata uku.

Abin da sana'ar ke bukata a bayyane yake. Jami'ar Abdou Moumouni da Gidan Tarihi na Ƙasa su rubuta sunayen zane da na ɗinki daga bakin tsofaffin da suka rage, da Hausa da Zabarmanci, su ɗauki hoton yadda ake aikin daga yanka har gamawa. Makarantun koyon sana'a su sa ɗinkin hannu da harhaɗa ƙyalle cikin darasinsu tare da keke. Masarautu su riƙa ba maɗinkan gida aikin kayan hawa. Iyaye masu haɗa kayan ɗaki su sa bargon saƙa ko da guda ɗaya ne. Mata da matasa masu neman abin yi a gida kuma su sani cewa jarin wannan aiki allura ce da zare da ragowar ƙyallen da teloli ke zubarwa, kuma duk ana samun su a Babbar Kasuwa. Sana'ar da ta rayu shekara 600 ba za ta gagari wannan zamani ba, muddin an sami masu koyo da masu saye.